Wa Ya Rubuta Sunana A Takardar Sallama?

Sallama gare ku, ku da kuke ɓata data kuna karanta damuwata. Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Hasiya Ya'u, haifaffiyar Jibiya, shekaruna ashirin da takwas. Har zuwa Litinin ɗin makon jiya, in aka tambaye ni wace ce ni, cewa nake ma'aikaciya ce. Yanzu kuwa in aka tambaya sai in tsaya ina kallon mutum.

Shekara takwas na yi a Baushe Transit, kamfanin da ke shirya wa manyan motoci takardun ƙetare boda a Magama. Da difloma ɗina sabuwa fil na shiga, ko hatimi ban iya bugawa daidai ba. Kafin in fita, lambar mota sittin na haddace da ka. Direban Maraɗi in ya shigo yana faɗa a kan mutanen duwan, wato kwastan ɗin can ɓangarensu, ni ake turo wa, don ni na san yadda ake kwantar da shi. Rufe boda na farko ina nan. Na biyu ma ina nan, muna zaune a ofis muna korar ƙudaje, amma ban taɓa makara ba. Ranar da aka yi sunan ɗan yayata ma sai da na je na buɗe ofis tukuna.

Ranar Litinin ɗin, atamfata ce shuɗiya mai zanen ganye a jikina, da hijabi ruwan toka, katin aiki rataye a wuya. Wajen ƙarfe goma Manaja Isah ya kira mu mu biyar. Bai ce mu zauna ba, shi ma bai zauna ba. Ya ce tun da aka buɗe boda motoci ba su dawo kamar da ba, hedikwata a Kano ta ce a rage mutane. Ya miƙa wa kowa ambulan fara.

Kun san abin da na yi? Komawa na yi teburina na ƙarasa cike takardar motar wake da na fara. Wallahi. Na buga hatimi, na jera ta inda ake jerawa, sannan na ɗauki jakata da kofin shayina. Ina cikin Keke ban kai gida ba wayata ta yi ƙara. Na duba, an cire ni daga group ɗin ofis. Shekara takwas, amma cirewar ba ta kai minti ashirin ba.

Ban yi kuka ba. Na san ba za ku yarda ba, amma ban yi ba.

Washegari na tashi kamar kullum, na yi wanka, na shafa hoda, na saka leshina ruwan ƙasa, na rataya jaka. Sai da na kai zaure na ji muryar Inna daga bakin murhu.

"Ke Hasiya, ina zuwa?"

Na tsaya riƙe da ƙyaure.

"Dawo ki sha koko," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Yau dai ki sha shi da zahi."

A ranar na gano ban san gidanmu ba. Na san shi da asuba, na san shi bayan la'asar, amma gidanmu na ƙarfe sha ɗaya na safe baƙo ne a wurina. Ashe akwai wata akuya mai karyayyen ƙaho da ke shigowa kullum ta leƙa kwandon wanke-wanke ta fita, har Inna ta sa mata suna. Ashe Inna musu take yi da rediyo, mai labarai na magana tana ce masa, "Ƙarya kake yi." Ashe Baba yana dawowa daga kasuwa kafin azahar ya kwanta a gindin darbejiya, ya rufe fuska da hula, Inna ta zauna kusa da shi tana tsince shinkafa, ba mai ce wa wani komai. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina ina kallonsu kamar na biya kuɗin kallo.

Amma a ƙasan duk wannan akwai tambaya guda da ta hana ni sakat. Me ya sa ni?

Mu sha biyu ne a ofis, aka sallami biyar. Mufida shekararta biyu kacal, ni na koya mata inda ake sa hannu da inda ba a sawa, ga ta can zaune. Ban taɓa ɓatar da takarda ba. Ban taɓa karɓar na goro a hannun direba ba. To wa ya zauna ya ɗauki biro ya rubuta Hasiya? Ba fushi nake ji ba a lokacin, ku fahimce ni. So nake kawai in sani, kamar yadda harshe ke komawa kan haƙorin da ya karye.

Ranar Laraba Gwaggo Salmatu, ƙanwar Baba, ta iso daga Gangara da ƙullin daddawa da kuka. Tun daga zaure take rangaɗa sallama kamar mai kawo albishir.

"Ina ɗiyar tawa? Alhamdulillahi! An sako mana ke!"

"Gwaggo, kora ta fa aka yi."

"Kora mi? Hutu Allah ya ba ki. Yanzu sai a kira mutanen yaron nan a sa rana. Ko akwai wani kamhwanin kuma da za ki ce a jira?"

Inna ta yi ƙasa da kai tana murmushi. Ni kuwa na ja hijabi na rufe baki.

Bari in gaya muku wane ne yaron nan. Zubair ne, mai shagon gyaran waya da haɗa sola. Shekara uku yana zuwa wurina. Dogo ne, ba ya son hayaniya, in yana magana sai ka matsa kusa. Sau biyu manyansa na zuwa a sa rana, sau biyu ina roƙon a ɗaga. Na farko an ce za a ƙara min girma a ofis, na ce bari abin ya tabbata. Na biyu masu bincike ne za su zo daga Kano, na ce ba zan bar ofis a hargitse ba. Duka biyun bai ce komai ba sai, "Allah ya kai mu."

Gwaggo ta gyara zama a tabarma, ta ɓare goro, ta ce, "Ai shi ma ya gaji, baiwar Allah. Ba ga shi har ofishin naku ya tai ba kwanaki? Mijin ɗiyata Fatimatu ya ga mashin ɗinshi a ƙofa."

Na ɗago. "Wane ofishi?"

"Naku mana. Ke ba ki sani ba?"

Jama'a, a shekara uku Zubair bai taɓa taka ofishinmu ba. Ni na hana shi, na ce ba na son surutun direbobi.

Na shige ɗaki na jawo waya na koma kan saƙonsa na ranar Litinin. Ƙarfe sha biyu da minti bakwai ya turo: "Na ji abin da ya faru. Allah ya musanya miki da mafi alheri. Kin ci abinci?" Ni kuwa sai bayan azahar na faɗa wa ko da Inna. A ina ya ji?

Na kira Mufida. Ta ɗauka da muryar mai jin kunya.

"Anti Hasiya, wallahi tun shekaranjiya nake son in kira ki, na rasa me zan ce."

"Bar wannan. Zubair ya zo ofis?"

Ta fara kame-kame.

"Mufida."

"Ya zo. Sati biyu ke nan, ranar da kika kai takardu Katsina. Ya shiga wurin Manaja, sun daɗe, an rufe ƙofa. Da ya fito ko gaisawa bai tsaya mun yi ba."

"Me suka ce?"

"Wallahi ban ji ba."

Na ajiye wayar a kan katifa ina kallonta. Kan mutum in ya samu zare, saƙa yake yi ba tsayawa. Nan da nan na haɗa labarin gaba ɗaya. Ya gaji da jira. Ya ji ana rage ma'aikata. Ya je ya ce wa Manaja, ai Hasiya aure za ta yi, ku bar masu iyali ku cire ta. Har muryarsa na ji a kunnena yana faɗa, a hankali, cikin ladabi, yadda ya saba.

Abin da na rubuta masa ba zan ɓoye muku ba, ko da yake ina jin kunyarsa yanzu. Na ce: "Sannu da ƙoƙari. In aurena kake so ai da ka bi ta ƙofa, ba sai ka je ka kashe min aiki ba. Shekara takwas ɗina ka zubar a zama ɗaya."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Ina zaune ina kallon wayar har Gwaggo ta leƙo ta ce in fito in ci ɗanwake. Can sai ga amsa, layi ɗaya:

"Ki je ki tambayi Manajan. In kin dawo zan zo."

Ranar Alhamis da hantsi na shirya. Na daɗe gaban madubi ina tunanin me korarriya ke sawa in za ta koma inda aka kore ta. Na ƙare da baƙar abaya da gyale ruwan zuma, na bar katin aiki a kan akwati. Hanyar Magama tana nan yadda na bar ta. Motoci uku kacal a layi, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, mai shayi na ta fifita wuta. Wani direba ya hango ni ya ɗaga hannu, "Madam, kwana biyu!" Na ɗaga masa, na wuce.

A ofis, fulas ɗin Mufida ne a kan teburina. Ta miƙe da sauri za ta ɗauke, na ce ta bar shi. Kujerar ma an rage mata tsawo.

Manaja Isah ya ga ni ya cire tabarau.

"Hasiya. Shigo. Zauna."

"Yallaɓai, ba roƙo na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Wa ya ba da sunana?"

"Ba wanda ya ba da sunanki."

"To ta yaya ya shiga?"

Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya jawo durowa ya fito da takarda guda ya tura min. Daga Kano aka turo ta. Sunaye biyar ne, kowanne da shekarar da ya fara aiki a gefe. Na uku an rubuta Asiya Yahuza.

"Wace ce wannan?" na ce.

"Ke ce."

"Ba sunana ba ne."

"Na sani. Lambar aikinki ce a gefe, duba. Wani yaro ne ya haɗa ta, watansa huɗu a kamfani, bai taɓa zuwa Jibiya ba. An ce masa ya cire waɗanda suka fi daɗewa, su ne nauyinsu ya fi yawa a kan kamfani. Ya jera ku a kwamfuta ya yanke biyar na sama. Na kira sau uku a kanki. Na ce yarinyar nan ita ce ofishin. Aka ce min an riga an sa hannu." Ya mayar da tabaransa. "Ni ma an ce in jira wasiƙata a ƙarshen watan gobe. Shekarata sha tara a kamfanin nan."

Na sake kallon takardar. Asiya Yahuza. Kwana uku ina neman maƙiyi. Na zargi Mufida a zuciyata, na zargi Manaja, na zargi wanda yake sona. Ashe ba wanda ya tsane ni. Ba wanda ya ma san ni. Daɗewar da nake taƙama da ita, ita ce ta kai ni saman layi.

Dariya ta kubce min. Na yi ta yi har Manaja ya tsorata, daga nan ban san lokacin da ta juye ba. Kukan da ban yi ba ranar Litinin, a nan na yi shi, a kujerar baƙi, gyale a fuska. Bai hana ni ba. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ajiye min ruwan leda a gabana, ya koma ya zauna yana kallon taga.

Da na natsu na ce, "Zubair fa? Me ya kawo shi?"

"Ba maganarki ya zo yi ba. Ko sunanki bai ambata ba sai da ni na ambata."

"To maganar me?"

"Wannan shi zai faɗa miki. Ba tawa ba ce."

Bayan la'asar ya zo. Ina jin tsayuwar mashin ɗinsa na fito da tabarma da kaina na shimfiɗa a zaure. Farar shadda ce a jikinsa, wadda ta sha wanki har ta fara laushi. Gwaggo Salmatu na daga tsakar gida ta ƙara wa rediyo murya, alamar wai ba ta saurare, alhali na ga inuwarta a jikin labule.

Muka gaisa. Na kasa haɗa ido da shi.

"Na je," na ce.

"To."

"Ka yafe min. Abin da na rubuta, ban da hujja ko ɗaya."

"Ya wuce."

"Bai wuce ba, ka faɗi abin da ke ranka."

Ya ɗan yi murmushi. "Ya yi zafi. Na karanta shi ya kai sau goma. Amma na ce wadda aka yi wa abin da aka yi miki, dole ta nemi wanda za ta kama. Ni ne kusa."

"A ina ka ji an sallame ni tun kafin in faɗa?"

"Hasiya, garin nan guda nawa yake? Mai gadinku ya faɗa wa mai shayi, mai shayi ya kira ni."

Kunya ta sake rufe ni. Amma kun san halina, tambayar ba ta barina.

"Me ka je yi wurin Manaja?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mashin a hannu.

"Aiki na je nema."

"Aiki? Kai da shagonka?"

"Na ce ko suna son mai kula musu da janareta da sola. Ya ce ba ɗauka suke ba, ragewa za su yi. Ban san har da ke ba, wallahi da na faɗa miki."

"Tsaya. Shagon fa?"

"Na rufe shi tun kafin azumi."

Na ɗago na dube shi sosai. Kafin azumi. Wata bakwai ke nan.

"Yawancin masu kawo min gyara mutanen ƙetare ne da direbobi," in ji shi. "Da suka daina zuwa na yi ta jurewa, har na ga zaman ba shi da amfani. Na mayar wa mai shago makullinsa."

"Kuma ba ka faɗa min ba?"

"Na fara. Sau uku." Ya ɗaga yatsu yana lissafawa, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani. "Na farko na ce miki, Hasiya, akwai magana, sai Manaja ya kira ki a waya a kan motar da aka tsare. Na biyu kika ce in bari masu bincike su tafi, kanki ya cika. Na uku kina ba ni labarin yadda Mufida ta buga hatimi a juye, kina ta dariya. Na ga kina jin daɗi, sai na bari."

Rediyon Gwaggo ya yi shiru. Ko ita ta daina motsi.

Na tuna ranar. Na tuna dariyar. Na tuna ya ce akwai magana, na ce masa, "Bari in ƙarasa maka wannan tukuna." Wata bakwai mutumin nan yana zuwa zauren nan da shaddarsa a goge, yana tambayata ya ofis, ni kuwa ko sau ɗaya ban ce masa ya shago ba. Abin da ya same ni ranar Litinin, har nake ganin duniya ta tsaya, shi ya riga ni shiga, shi kaɗai, yana zaune a gabana.

"Yaya ka yi?" na ce. "Ranar da ka rufe. Yaya ka ji?"

"Sati biyu ina fita da safe in zauna a masallacin kasuwa har azahar, don kar Hajiyarmu ta gane. Daga baya na gaji da ɓoyewa, na faɗa mata. Ranar na fara samun barci." Ya dube ni. "Zai yi sauƙi, Hasiya. Ba yau ba, amma zai yi."

"To yanzu ina kake zuwa kullum?"

Ya ajiye makullin a kan tabarma, ya buɗe tafukan hannunsa biyu ya miƙo su inda haske ke shigowa. Hannun da na sani mai riƙe ƙaramin sukurdireba ne, sumul kamar na malamin makaranta. Wannan kuwa duk kanta ne, fatar ta tsattsage a gindin yatsu, ƙasa ta zauna a ƙarƙashin farce ta ƙi fita.

"Zubair, mene ne wannan?"

"Ba zan faɗa miki ba. Ke da kike son ki san komai, zuwa za ki yi ki gani da idonki." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ranar Asabar da hantsi, bakin dam, wajen masu noman rani. Ki zo da Gwaggo, tunda na san tana ji."

"Ina ji!" in ji Gwaggo daga bayan labule, ba ko kunya.

Ya yi dariya, ya fita wurin mashin ɗinsa. Har ya hau ya juyo, fuskarsa ba wasa a cikinta yanzu.

"Ki sa takalmin da ba kya tsoron ya ɓaci. Mai shago kika ce kina so shekara uku da suka wuce, kuma mai shagon nan babu shi. In kin ga wanda ya rage, ke za ki faɗa min ko a turo manya ko kar a turo."

Ya tada mashin ya tafi. Na tsaya a ƙofar zaure har ƙararsa ta ɓace a kwanar masallaci, sannan na koma ɗaki na durƙusa na jawo kwalin takalmana daga ƙarƙashin gado. Ƙafa tara ne, na jera su a kan leda. Duka na ofis ne.

"Inna!" na ƙwala kira. "Ara min silifas ɗinki na roba."